Kamfani na Sittin a Jadawalin Auta

Sau ɗaya na ga an kayar da Autarmu a gardama, kuma mai sayar da tsofaffin takardu ne ya yi wannan aikin. Ta je rumfarsa a bayan tashar mota tana neman rahotannin da kamfanoni ke bugawa duk shekara, waɗanda ofisoshi kan zubar. A kilo yake sayarwa. Da ya ga ta tsuguna tana karanta kowanne kafin ta ɗora a sikeli, sai ya ninka kuɗin sau uku. Ta yi masa lacca a kan adalcin ciniki har na gaji da tsayuwa. Ya saurara tsaf, sannan ya ce takardar naɗe kaya ita ake aunawa, wadda ake karantawa kuwa littafi ce, kuma bai taɓa jin an sayar da littafi a kilo ba. Ta biya. Ni da nake yayarta na ɗauki buhu ɗaya a ka, da tsufana.

Ni na goye ta, don haka ina da ikon faɗa: tun tana ƙarama ba ta da daɗin hira. A ce mata wane ya yi arziki, sai ta tambaya a wace shekara. Yanzu malama ce a jami'a, tana koyar da harkar kuɗin kamfanoni. Ofishinta tebur ɗaya ne, da fankar da ke juyawa in ta ga dama, da kwalaye har rufi. Mijinta, bawan Allah mai haƙuri, ya ce a gidansu takarda ce ke kwana a gado.

Shekara bakwai ta yi a kan digirinta na uku. Rahotannin kamfani sittin ta bi, na shekara goma sha biyu. Da ta yi min bayani na ce ai wannan kowace mai aure ta sani. Wai inda aka ɗaura bonas ɗin manaja a kan ribar shekara guda, sai ya daina gyaran injina, ya daina horar da ma'aikata, riba ta kumbura, ya karɓi nasa ya yi gaba, na bayansa ya gaji tarkace. Abin ya fi muni inda daraktocin da ya kamata su sa masa ido abokan cin abincinsa ne. Ta ce sani daban, nunawa da lamba daban.

To, kamfanin da ya fi kowanne wannan ɗabi'a shi ne ya gina wa sashensu ɗakin taro, kuma shugaban sashen yana cikin daraktocinsa. Shi ne kuma mai duba aikinta. In bai sa hannu ba, ba digiri, ba ƙarin girma, ga wa'adinta saura wata biyu. Bai ce ba zai sa ba. Ya dai riƙa cewa waƙafi bai zauna daidai ba, ko ya manta tabarau a gida. Na ce mata ta cire kamfanin ta huta, sittin babu ɗaya ai ba mutuwa ba ne. Ta kalle ni kamar na ce ta sayar da ɗanta.

Ranar da shugaban sashen ya fito fili, a gaban malamai uku da sakatariyarsa ya yi, kuma sakatariyar ce ta kawo min labarin da zafinsa. Ta ce kafin shayinsa ya huce ya sa hannu, kamfanin yana nan a jadawali, bai sake neman tabarau ba. Da farko cikin lallami ya ce wa Auta kamfani ɗaya ba ya canza sakamako, ta cire shi kawai don a zauna lafiya.

Auta ta ce, "To, ranka ya daɗe, zan cire. Sai dai kai ka koya mana cewa duk abin da aka fitar daga jadawali a rubuta dalilinsa a ƙasan shafi. Zan sa: an cire bisa umarnin mai duba aiki, wanda darakta ne a kamfanin. In rubuta cikakken sunanka, ko muƙamin ya isa?"