Ranar da Ishaya Ya Zauna a Kan Bencinsa

Shekara takwas ke nan da muka kai Farfesa Ishaya makwancinsa a Dabai, ana tsakiyar yankan dawa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, sai wani cikin tsofaffin ɗalibansa ya rubuta cewa marigayin mutum ne mai haƙuri da sauƙin kai. Ni da muka tashi unguwa ɗaya, muka koyar a jami'a ɗaya har furfura ta rufe mu, ban san wannan Ishayan ba. Wanda na sani mai taurin kai ne, ga gardamar tsiya, kuma ba don waɗannan halaye ba da yau ba ni da abin rubutawa a kansa.

Sai na fara da golmo, saboda mai karatun da ba ɗan ƙasar Zuru ba. A al'adarmu ta da, saurayi ba ya samun mata sai ya yi wa iyayenta noma, shi da sa'o'insa, damina bayan damina har shekara bakwai. Muna makaranta a lokacin, amma surukin Ishaya bai san wannan zance ba, don haka duk hutunmu a gonarsa yake ƙarewa saboda 'yarsa Hannatu. Da wa'adi ya cika, tsohon ya dubi rumbunansa, ya dubi ƙwanjinmu, ya ce a ƙara masa damina ɗaya. Ishaya ba shi da bakin magana, don saurayi ba ya jayayya da suruki. Dattawan gidan ne suka ce tsohon ya koma gefe, suka saurari mu da muka yi aikin, sannan suka ce ya isa haka, a ba yaro matarsa.

Shekaru da yawa bayan nan aka naɗa Ishaya shugaban kwamitin da ke sa ido kan karatun digiri na biyu da na uku, ni kuma ina cikin mambobi. A wancan zamani ran ɗalibi a hannun malami ɗaya yake. Idan malamin da ke duba aikinka bai sa hannu ba, kundin bincikenka ba zai ga gaban masu jarrabawa ba ko za ka tsufa a harabar. Wasu malaman sun mai da ɗalibai 'yan aike, su duba musu takardun jarrabawa, su tsare musu gonar gwaji. Wasu kuwa ba mugunta ba ce, kundin ne kawai ke kwana a bayan mota wata da watanni. Mu a kwamiti ba ma jin labarin ɗalibi sai ranar da malaminsa ya ga dama.

Ishaya ya kai ƙudiri gaban majalisar malamai: duk ɗalibin da ya wuce wa'adinsa, kwamiti zai kira shi ko bai kai ƙara ba, malaminsa ya fita waje, a saurare shi. In an ga aikin ya isa, a miƙa shi ga wani malami ya kai shi jarrabawa. An kai ruwa rana a zauren nan. Wani dattijon farfesa ya ce wannan cin mutunci ne, wai a fitar da uba daga ɗaki don a ji ta bakin ɗa. Da kyar ƙudirin ya wuce. Washegari Ishaya ya sa kafinta ya buga benci a bakin ƙofar ɗakin taro, don kada wani ya ce ya rasa wurin zama. Ba a yi mako ba aka raɗa masa suna bencin Ishaya. Na ga manyan mutane a kansa suna riƙe da jarida, idonsu ba ya kan rubutun.

Sai ga Nasiru. Mutumin Ribah ne, malami a wata kwalejin aikin gona, an ba shi hutun karatu ya yi digiri na uku a kan ƙuduji, ciyawar nan da ke shanye dawa tun daga saiwa. Ishaya ne ke duba aikinsa, kuma bai taɓa samun ɗalibin da ya kwanta masa a rai kamarsa ba. A nan matsalar take. Duk kaka idan Nasiru ya kawo sakamakon gonar gwaji, sai Ishaya ya ce ruwan bana bai tafi daidai ba, a sake shukawa a tabbatar. Hutun karatu ya ƙare, aka ƙara masa, ya sake ƙarewa. Daga ƙarshe kwalejin ta ce ko ya dawo da digiri a shekarar, ko a ba wani gurbinsa. Iyalinsa na Ribah, shi yana kan babur tsakanin gida da gona kamar ɗan acaɓa. Bai kai ƙara wurin kowa ba, kuma na san ba zai kai ba. Amma dokar ba ta jiran ƙara, wa'adi ya wuce, sunansa ya fito.

Da aka zo kan sunan a zaman kwamiti, sai wani ya ce a ɗaga maganar zuwa wani zama. Ishaya ya cire tabarau, ya miƙa wa mataimakiyarsa Dakta Rifkatu kujera, ya fita. Ta taga muna hango ƙeyarsa a kan benci, ko jaridar ma bai ɗauka ba.

Nasiru ya shigo ya tsaya, ya ƙi zama. Ya ce, "Ranku shi daɗe, ni ban kawo ƙarar Baba ba. Abin duk da ni sani a aikin ga, shi yak koya mini. Amma in ban koma da takarda bana ba, aikina ya tahi, ga ɗiya na makaranta."

Muka duba aikin, ya isa har ya yi yawa. Dakta Rifkatu ta ce mai goyon bayan a karɓe ɗalibin daga wurin Ishaya ya ɗaga hannu. Kowa a ɗakin ya san ni da Ishaya, sai idanu suka dawo kaina. Na ɗaga hannuna, kuma har yau ban ga laifin wannan hannu ba. Ni aka tura waje in sanar da Ishaya.

Ya ɗago ya ce, "Ɗanladi, har da kai?"

Na ce har da ni.

Ya ce, "Aikin nan bai nuna ba. Saura damina ɗaya."

Na ce, "Haka surukinka ya ce."

Sai ya tashi ya koma ciki, ya karɓi kujerarsa, ya sa hannu a kan hukuncin, ya ce a kira magana ta gaba.

Kada wani ya ɗauka abin ya wuce a nan. Duk ranin shekarar Ishaya bai taka gidana ba, a coci ma ya sauya layi, sai Hannatu ce ke aiko mana da gaisuwa. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Bai taɓa cewa kwamiti ya yi daidai ba. Sai dai lokacin da wasu abokansa suka kawo shawarar a cire farfesoshi daga cikin dokar, shi ya fara tashi a majalisa ya yi fatali da ita. Nasiru ya ci jarrabawa, ya koma bakin aikinsa. Daminar da ta biyo baya, ba wanda ya sa shi, ya sake shuka gwajin a gonarsa ta Ribah, ya kawo wa Ishaya sakamakon, a lokacin ciwo ya fara cin ƙarfin Farfesan. Sakamakon bai bambanta da na baya ba. Ishaya ya karanta har ƙarshe, ya ce, "To, Dakta, yanzu ka gama." Ran nan ne ya fara kiransa da wannan suna.

Nakan tambayi kaina me Ishaya zai ce da ya ga yau. Ɗalibai sun ninka, malamai ba su ninka ba. Ana zaman kwamiti rabin mambobi suna cikin waya daga wani gari. An ce akwai na'urar da ke rubuta wa ɗalibi babi guda kafin ya gama shan shayi, kuma na tabbata Ishaya zai fara tambayarta ko ta taɓa ganin ƙuduji da idonta. An kuma gaya mini cewa malamin da aka fitar yanzu yakan zauna a waje yana tura wa na ciki saƙo. Wannan zai fi komai ɓata masa rai, don shi da ya fita ya fita ne gaba ɗaya.

Littattafansa suna nan, ba na jin ana buɗe su sosai. Sunansa ba ya jikin wani gini. Watannin baya na bar gidana na Rikoto na leƙa jami'ar, na bi ta gaban ɗakin taron. Bencin yana nan, an sauya masa ƙafa ɗaya. A kansa na tarar da Rifkatu, yanzu farfesa ce, ta haɗe rai, wayarta na cikin jaka.

Ta ce, "Baba Ɗanladi, yau ni suka fitar."

Na tambaye ta ko aikin ɗalibin ya isa.

Ta ce, "Ina fa! Saura damina ɗaya."

Na share ƙura a gefenta na zauna, muka jira tare har aka buɗe ƙofa.