Shekarar da Ƙudan Zuma Suka Bar Kurminmu

Bayan garinmu, tsakanin Isa da Sabon Birni, akwai wani kurmi cikin fadama. Giyayya da kanya da bagaruwa sun haɗe kai, har rana ba ta sauka ƙasa sosai. Da damina ruwan gulbi yakan shigo ya kwanta a gindin itatuwan, da kaka ya janye. Nan mahaifina yake rataye amyarsa, ni kuma, babbar ɗiyarsa, nake tallan zumar.

Shekarar da Nasara suka sa aka tara maza aikin hanyar mota, an cike mashigin da ruwan yake fita da ƙasa. Ruwa ya shigo ya rasa mafita, ya tsaya har rana ta shanye shi. Da ya ƙafe sai ga wani fari-fari a kan laka, kamar an barbaɗa gari. Baba ya durƙusa ya dangwala, ya kai baki, ya tofar.

"Kanwa ta, ɗiyata," ya ce.

Kowace damina farin yana ƙara faɗi. Itatuwan ta sama suka fara mutuwa. Kanya ta zubar da ganye, giyayya ta daina fure, sai ƙudan zuman suka tashi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun wurin. In iska ta ratsa amyar da ba kowa a ciki, takan yi wani gunji, in ɗaga kai da sauri ina zaton sun dawo.

Mutane kuwa sun samu abin yi. Fulani na kawo shanu lasa, mata na kankarar kanwar a ƙwarya. Wata rana Inna ta dafa wake da ita. Baba ya kai loma ɗaya ya tsaya.

"Ina kinka samo kanwar ga?"

"Kurmi, Malam. Kowa na ɗiba."

Ya ture akushin a hankali. "Ku ci. Ni za ni gona."

Ba gona ya tafi ba. Na bi shi, na iske shi can saman busasshiyar kanya yana gyara ɗaurin amya. Haka ya riƙa yi duk shekara, yana turara amyoyin yana mayarwa, har aka fara cewa iskokin kurmin ne suka riƙe shi. An ba shi shawara ya kai su wajen Kamarawa, inda itace ke da rai. Ya ce ƙuda sun san hanyar gida.

Bayan rasuwarsa Inna ta aiki ƙanena ya sauko da amyoyin. Ya dawo hannu wofi, ya ce ya kasa hawa. Masu neman itacen girki sun sare kurmin kaf, amma duk iccen da ke ɗauke da amyar Baba sai su kewaye shi. Haka suka tsaya tsirara cikin farar ƙasa, har gara ta kayar da su ɗaya bayan ɗaya.