Ceɗiyar da Yayana Ya Sare

Ranar da yayana ya sa aka sare ceɗiyar gidanmu ina kasuwar Bodija, na je sayo wa Inna wake. Da na sauka daga okada a bakin layinmu sai na ɗauka ɓatan hanya na yi, don babu koren da ke leƙowa ta saman katangarmu. Na shiga na tarar da rassa jibge a tsakar gida, wasu maza biyu na naɗe igiya, farin ruwan itacen yana ɗiga daga kututture.

Kakanmu ne ya dasa ta, tun zuwansa unguwar Sabo da fataucin goro. A ƙarƙashinta Inna take sana'ar alala. Matan maƙwabta kan shigo da hantsi su taya ta surfe da ƙulli, ana hira, Hausa na cakuɗe da Yarbanci, har azahar ba wadda ke sharce gumi.

Na dire buhun waken na ce, "Yaya, me ta yi maka?"

"Ƙazanta," in ji shi. "Ganye, kashin jemagu, ga saiwarta ta tsaga kwata. Ke ba kya ganin gidajen mutane a Mokola? Daɓen bulo na intalok za a shimfiɗa, a sa shuke-shuken zamani."

"Ka tambayi Inna?"

"Inna ba ta ce komai ba."

Ba ta ce ba kam. Tun rasuwar Baba ba ta musu da babban ɗanta. Tana ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Gaskiya ne saiwar ta tsaga kwata, amma gyaran da birkila zai gama a wuni ɗaya ne. A kan wannan aka kayar da itacen da ya girmi uwarmu.

Ya kawo siraran itatuwan nan na ƙasar waje guda huɗu, masu miƙewa kamar sanda, ganye manne a jiki. Inuwarsu ko kaza ba ta isa ba. Da zafi ya shigo, daɓen ya riƙa turiri, ba a taka shi ba takalmi. Alala ta fara yami kafin la'asar. Matan suka janye ɗaya bayan ɗaya, ban kuma ga laifinsu ba. Inna ta koma aiki a zaure, hayaƙi na cin idonta. Da damina ta sauka ruwa ya rasa ƙasar da zai shige, ya miƙe ɗakinta, muka yi ta kwalfa da bokiti. Shi kuwa yana shagonsa, fanka na kaɗa shi.

Akwai wani dattijo Bayarabe a Akinyele da ke kawo mana ganyen ƙullin alala. Na bi shi har gonarsa na faɗa masa abin da ya faru. Ya girgiza kai, ya kai ni gindin wata ceɗiya, odan suke ce mata, ya saro mini reshe mai kaurin damtse.

"Ki kafa shi kawai, 'yata," ya ce da Yarbanci. "Ɗan ƙasar nan ne, ba ya neman lallashi."

Washegari da safe na sa ƙarfe na ɓamɓare bulo shida a tsakiyar daɓen. Ina cikin haƙa Yaya ya shigo.

"Kin haukace ne? Kin san wahalar da na sha a kan wannan aikin?"

"Na san wadda Inna ta sha. Ka taɓa reshen nan ka gani."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Sai ga Inna ta fito da bokitin ruwa tana ɗingishi, ta juye a ramin, ta dubi Yaya ta ce, "A bar shi." Ya juya ya fita.

Reshen ya kama, yanzu ya fi ni tsawo. Amma Inna ta daina sana'a, gwiwa ta hana ta, matan kuma sun saba da wani gida. Biyu daga cikin itatuwan Yaya sun bushe, har yau bai ce a yi haƙuri ba. Ina gaishe shi, don yayana ne. Shekaranjiya na fito na tarar ya jingine babur ɗinsa a 'yar inuwar da ta fara yi. Na tura babur ɗin cikin rana, na ajiye wa Inna kujerarta a wurin.