Malamar da Ta Nemi Agogon Kokwamban Teku

Haihuwa da karatu

An haife ta a shekarar 1949 a wani ƙaramin gari na bakin teku. Mahaifinta direban jirgin fito ne, mahaifiyarta kuma tela. Ta shiga firamare a 1956, ta kammala jami'a a 1972 a fannin nazarin halittu. A can ta fara ganin kokwamban teku, wata halitta mai laushi da ke kwance a ƙarƙashin ruwa, ba ido, ba ƙwaƙwalwa irin tamu, amma ta wuni a ɓoye, da yamma ta fito kiwo ba ta makara. Abin ya ɗaure mata kai, kuma bai sake ta ba har ƙarshen rayuwarta.

Aure

A 1974 ta auri wani malamin lissafi mai yawan barkwanci, wanda daga baya ya riƙa gaya wa baƙi cewa surukansa a cikin tanki suke zaune. Allah ya azurta su da 'ya'ya uku.

Aiki

A 1975 ta kama aiki a wata cibiyar bincike, inda aka ba ta ɗaki marar taga mai daɓen katako. Ta jera tankunan gilashi, ta toshe duk wata kafar haske, ta daidaita ɗumin ruwa, ta cuɗa abinci cikin yashi yadda kullum akwai shi, domin ta tantance ko rana ce ke tashin halittun ko agogo ne a jikinsu. Duk yamma takan shiga da 'yar fitila ja, ta tarar suna fitowa. A 1983 ta wallafa cewa agogon a jikinsu yake. Aka ƙara mata girma, abokan aiki suka raɗa mata Uwar Kokwamba.

Shakka

A 1991 ta lura cewa ruwan tankunan yana rawa duk lokacin da ta taka katakon. Sai ta tuna cewa tun farko a lokaci ɗaya take shiga. Ta ce wa mijinta, “Malam, anya ba ni ce agogon nan ba?” Ya ce, “To ki zauna a gida mu gani mana.” Ta kafa kyamara, ta ɗauki alwashin ƙaurace wa ɗakin, amma da yamma ta yi sai ta ga kanta a bakin ƙofa, wai leƙawa kawai za ta yi. Haka ta yi ta fama shekara da shekaru, ba ta janye abin da ta wallafa ba, ba ta kuma ƙara yarda da shi ba.

Jinya da rasuwa

A 2009 ciwon zuciya ya kwantar da ita a asibiti, ɗakin tankunan ya zauna babu mai shiga, gwajin ya yi kansa. Ɗalibanta suka duba hotunan, suka kawo mata labari cewa rabin halittun sun ci gaba da fitowa a kan kari, rabi kuwa sun rikice. Ta ce, “To wanne rabin zan gaskata?”

Ta rasu a watan Yunin shekarar, aka yi jana'izarta a maƙabartar garinsu. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: babbar likita ce, mai bi mata injiniya, autan kuma direban jirgin ruwa. Dukkansu har yau da yamma ta yi sai su miƙe tsaye su rasa abin da ya tashe su, kuma babu wanda ya san ko daga jikinsa ne ko daga uwarsa.