Allurar da Ta Kusa Cinye Mini Aiki

Har in mutu ba zan manta da ranar da Oga Modu, manajan asibitinmu, ya tsaya a tsakar gida gaban ma'aikata ya ce ina ɗauke da ciwon hanta ba. Bai kira ni ofis ba. Da baki ya yi shela, kamar mai tallan kifi a kasuwar Baga Road.

Wani asibitin kuɗi ne a unguwar Wulari. Ni masinjan ɗakin gwaji ne, ina kai jini ina wanke kwalabe. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, amma na san tsarin aikin: sai a gwada jinin ma'aikaci tukuna, idan ba shi da cutar, sannan a yi masa rigakafi. Shekarar nan kayan gwaji suka makara, allura kuwa ta iso. Oga ya ce ba zai jira ba. Aka yi mana allura, cikin satin kayan suka zo, aka ɗebi jininmu. Nawa ya nuna akwai cutar.

Daga ranar aka hana ni taɓa kwalba. Da rana faranti ɗaya muke ci da direbobi da masu gadi. Sai na ga an zuba mini nawa daban. A gida ma, a Maisandari, matata ta ware mini kofi, don labari ya riga ni zuwa. Oga ya ce in fara neman wani aikin.

Madam Saratu, shugabar ɗakin gwaji, 'yar Biu ce, tana hutu lokacin. Da ta dawo ta ji labari, sai ta riƙe kai.

"Baba Audu, yaushe aka yi maka allurar?"

Na faɗa mata.

"Kai! Ka ga, gwajin nan ba ƙwayar cutar yake nema ba, rigarta yake nema. Antijin muke ce mata. Ita kuwa allurar, rigar ce aka zuba maka babu ƙwayar a ciki, don sojojin jikinka su gane maƙiyi kafin ya zo. A wasu mutane rigar takan ɗan daɗe a jini. Mu bari ta wuce mu sake."

Muka jira. Aka sake gwaji, babu komai. Daga baya ma ta ce jikina ya haɗa garkuwarsa sarai.

Sai Oga ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya yi ƙasa da murya. Wai kuskuren na'ura ne, in koma bakin aiki, magana ta wuce.

Na ce, "Oga, na'ura ba ta yi kuskure ba, abin da ka zuba mini ta gani. Kuma ko da cutar ce da gaske, ba ka da ikon tallata ni. Aiki zan koma, don ina da 'ya'ya. Amma matata ba za ta yarda da bakina ba. Tashi ka ɗauko makullin motarka, kai za ka je ka faɗa mata."