Yadda Motata Mai Ɗaki Ta Cinye Irin Albasar Yayana

Edita, ina gaisuwa, kuma ina roƙon a sakaya sunana, ko da yake wanda ya saba bin hanyar Jega zuwa Maiyama ba zai sha wuyar gane ni ba. Mutum ɗaya ne ya taɓa ratsa hanyar nan da gadon kwana a bayan sitiyari.

Lokacin da abin ya faru ban jima da ajiye alli ba. Kimiyya na koyar a sakandare har furfura ta cika mini kai, kuma na fito da cutar da ke kama yawancinmu, wato ganin duk wanda ke gabana ɗalibi ne. Ni ne mai gyara wa mai karanta labarai a rediyo magana alhali ba ya jina. In ka tambaye ni ƙarfe nawa, sai ka ji yadda aka ƙirƙiri agogo kafin ka ji lokacin. Cikin wannan hali wani dillali ya shigo Jega da wata tsohuwar mota daga Kwatano, irin wadda Turawa ke tafiya hutu da ita. A ciki akwai gado, da 'yar ma'ajiyar kwanuka, da fitilu, da fanka, duk an lulluɓe bangon da falanki da soso. Ta girmi ɗalibaina da yawa da suka riga suka tara iyali. Wata biyu tana bakin titi ba wanda ya taya, sai ni. Uwargidana ta leƙa ciki sau ɗaya, ta tambaye ni ko ɗakunan gidan sun yi mini kaɗan ne, daga nan ba ta sake tanka maganar ba. Da muka zo shiga da ita gida lungunmu ya ƙi karɓarta, sai na kai ta ƙauyenmu Karaye na ajiye a filin gidan yayana, ƙarƙashin darbejiya. Duk ƙarshen mako nakan je in kunna fanka in kwanta ina karatu.

Yayana manomin albasa ne, bai taɓa zama a aji ba, kuma yana da abu ɗaya da ba ya wasa da shi: irin albasar da ya gada wurin mahaifinmu. Ja ce mai tauri, mai siririn wuya, tana daɗewa a rudu, wato rumfar karan da ake adana albasa, har ta wasu ta ruɓe tasa na nan garau. Kowace shekara da hannunsa yake zaɓar kawunan da suka fi kyau ya sake dasa su can nesa da lambun kowa, don kada su gauraya da wata. In sun yi fure sun bushe ya sussuke, ya sheƙe, ya zuba baƙin irin a cikin gora ya toshe baki da tsumma. Har daga Aliero akan zo roƙonsa, Aliero da ba a koya mata albasa.

Ba a daɗe ba motar ta fara nuna shekarunta. In na kunna fanka da fitila tare, sai fiyus ya ƙone, komai ya ɗauke. Na sauya ya fi a ƙirga. Daga bisani na kai ta wurin wani mai gyaran wayar mota a Jega, dattijo mai ƙarancin magana. Ya ɓalle falanki ɗaya ya kira ni in duba. Robar da ke jikin wayoyin ta bushe, yana taɓawa tana zuba kamar ɓawon gyaɗa. Wani wuri ɓera ya gaigaye, wani wuri kuma wani gwani can a ƙasar Turai ya yi ƙari ya naɗe da salatif. Ya ce ko dai a zare wayoyin ɗakin gaba ɗaya a sa sababbi, ko a cire kan batirin a haƙura da fanka. Na ce masa ai matsalar fiyus ɗin zamani ne, ba su da inganci. Ya goge hannu da tsumma ya dube ni.

"Malam, hiyus ɗin ga ba lalacewa shikai ba. Aikinai shikai."

Maganar da ni kaina na rubuta a allo shekara da shekaru ke nan, har nakan ja mata layi biyu. Amma da ta fito daga bakin mai baƙin hannu sai na ji ta kamar raini. Na yi masa godiya irin wadda ake yi wa ɗalibin da ya yi ƙoƙari, na koma Karaye. A ranar na samo wayar jan ƙarfe, na ninka ta uku, na ɗaura a gurbin fiyus, dabarar da kowane direban tasha ya sani kuma kowane malamin kimiyya ya hana. Fanka ta tashi, fitilu suka kama, ba su sake ɗaukewa ba. Har na ƙara da farantin sola a rufin, don kada batiri ya taɓa yin sanyi. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Da damina ta kankama, rufin ɗakin Yaya ya soma yoyo, kuma irin albasa ba ya shiri da laima. Ya tambaye ni ko motar na zubar da ruwa. Na ce masa duk Karaye ba wurin da ya fi ta bushewa, har na yi masa bayanin yadda Turawa ke liƙe rufi. Ya kawo gorunansa guda uku, iyakar irin da yake da shi a duniya, ya sa a akwatin da ke ƙarƙashin gadon. Na ba shi makulli ɗaya. Ban ce masa komai game da wayar da na ɗaura ba, don a ganina ba abin faɗa ba ne.

Saura kamar mako biyu a yi yafin iri a bedi, wato fangalin da ake renon tsiro kafin dashe, na je ranar wata Asabar. Tun da hantsi na ji ƙaurin roba a cikin motar, na ce a raina mata ne ke ƙona shara a bayan gida. Bayan azahar gari ya yi gumi, irin na hadarin da ya ƙi zuba. Yaya ya dawo daga gona a gajiye, na ce ya shiga ya sha fanka. Ya jona wayarsa a caji ya kwanta. Ni kuwa na fita ƙofar gida na zauna da maƙwabta, ina yi musu bayanin abin da ke kawo tsawa. Ban kai ƙarshe ba muka ji ihun matan gidan.

Da muka shiga, baƙin hayaƙi na fita ta tagar baya, Yaya kuma ya riga ya fito yana tari, lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Da a nan abin ya tsaya da mota kawai na rasa. Sai na ga ya dafe kai ya ce, "Irina!", ya juya ya koma ciki. Na san abin da ya kamata a yi shi ne a cire kan batiri, amma sifana na cikin motar, ni kuma na tsaya da bokiti a hannu ban watsa ba ban ajiye ba. Maƙwabta biyu ne suka kutsa suka jawo shi ta ƙafa. Soson rufin ya narke ya zubo masa a hannun dama ya liƙe. Gora ɗaya ne ya fito da shi a ƙirjinsa, goran ya tsage, irin da ke ciki na ƙamshin abin da aka soya. Aka yi ta watsa ƙasa da ruwa, amma falanki da soso ba sa jira. Kafin la'asar sai ƙarfe.

Ya yi makonni a asibiti. Abin da ya fi damuna a yau ba gobarar ba ce, abin da na yi a bakin gadonsa ne. Duk wanda ya zo dubiya, Yaya sai ya ce laifinsa ne, shi ya jona waya a kayan Bature da bai san kansu ba. Mutane su juyo su dube ni, tunda ni ne masanin, ni kuma in gyaɗa kai in ce tsautsayi ne. Wata rana har na ƙara da cewa cajar zamani ba ta da tabbas. Da bakina na faɗa.

Mun yafa irin da ke cikin goran da ya tsira, ko tsinke bai fito ba. Ya aika wurin waɗanda ya taɓa ba iri, aka tarar duk sun bari ya gauraya da nasu. Dole aka sayo na kasuwa a Aliero. Hannun ya warke, amma yatsu uku sun ƙage, ba ya iya dashe, ba ya iya yanka lomar tuwo. Mutumin da kullum akushinsa ke ƙofar gida ana ci tare, ya koma cin abinci a ɗaki da cokali don kada a gani.

Bayan an cire albasar shekarar an zuba a rudu, na je wata safiya na tarar da shi yana tsince ruɓaɓɓu da hannun hagu, wari ya cika wurin. Na tsuguna kusa da shi na faɗa masa komai, tun daga mai gyaran Jega har ƙaurin da na ji na yi shiru. Bai ɗago ba. Ya tambaye ni ko mai gyaran ya faɗa mini da baki, na ce ya faɗa. Ya tambaya ko na gane abin da yake nufi, na ce na fi mai gyaran ma ganewa. Ya jima yana juya wata albasa a tafinsa.

"Hannu na Allah na, ya amshi abinai. Iri kuma ya tahi. Amma wata bakwai ina jin kunyarka, ko ido ban iya haɗawa da kai, ina cewa ni na ƙone maka mota. Kana gani kak ƙyale ni."

Na nemi gafara, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, don ba ya faɗin abin da ba shi ne a ransa ba. Ya ce dai in kira masu sayen tsohon ƙarfe su kwashe gawar motar daga gidansa kafin Juma'a. Muna gaisawa, muna zumunci, amma tun daga ranar bai sake tambayata ra'ayi a kan komai ba, ni ma ban sake bayarwa ba.

Na rubuto ne don tsofaffin motocin nan na ta shigowa, da masu ɗaki da bas-bas da ake mayarwa shago ko wurin kwana a lambu. Wayar da ke bayan falanki tana tsufa ko ba ka ganinta, ɓera kuma ba ya neman izini. In fiyus na yawan ƙonewa, akwai inda waya ke haɗuwa da ƙarfe, a nemo wurin, kada a ɗaure shi da waya ko takardar sigari. In ka ji ƙaurin roba, cire kan batiri kafin ka fara neman wanda ke ƙona shara. Kada a bar mutum ya yi barci a ciki da abu a kunne, kada a ajiye abin da ba a iya sake samunsa. Ga 'yan'uwana masu takarda kuma, sanin dalilin abu bai hana ni aikata shi ba, sai ma ya ba ni kalmomin da na kare kaina da su. In har kuskuren ya riga ya auku, ka faɗe shi ranar da ya auku. Gobarar ba ta kai sa'a biyu tana ci ba, amma wata bakwai na bar yayana yana neman gafarar laifin da ni na yi.