Direban da Ya Ƙi Sauka

Mai Tifa ake kiransa tun kafin furfura ta kama shi. Da jigilar yashi ya fara, daga baya wani kamfanin gina gadoji ya ɗauke shi cikin direbobin gwaji. Idan an gama gada, kafin a buɗe wa jama'a, su ne ke hawa da tifofi maƙil da yashi, kowace an auna ta a sikeli. Su jera su a kan alamun fenti, su kashe inji, su sauka su koma bakin gada da ƙafa. Injiniyoyi su auna yadda gadar ta lotsa da nauyin, sannan su ga ko za ta koma daidai idan an janye motocin.

'Ya ɗaya Allah ya ba shi, ta yi aure a ƙetaren kogi. Wata damina tana zuwa gaishe su, kwale-kwalen da ta shiga ya kife, ruwa ya ci ta. Ta bar jaririya a gida. Tun daga ranar matarsa ta daina kusantar ruwa, surukinsu kuma ya rantse 'yarsa ba za ta shiga kwale-kwale ba. Yarinya ta yi haƙori, ta yi tafiya, ta fara surutu, kakarta ba ta san ta ba sai a waya.

Da aka fara gada a kan kogin nan, kamfaninsu ya samu aikin. Ba irin mai ƙafafu cikin ruwa ba ce. Dogayen ginshiƙai biyu aka tsayar, igiyoyin ƙarfe suka sauko daga samansu suka riƙe titin a sarari. A jikin igiyoyin akwai ƙananan na'urori da ke aika wa kwamfuta labarin kowane motsi. Kullum ya dawo sai ya zauna a kujerar bakin ƙofar kicin yana yi wa matarsa bayani da hannu.

"'Yar tsohuwa, kowace igiya ta fi cinyata kauri."

"Cinyar taka har wani kauri gare ta?" in ji ta, tana goge tukunya. "Igiyar shanya dai, maigida."

"Za mu gwada ta a gabanki."

"Za ku gwada ta da yashi. Kai da bakinka ka ce kuna sauka ku gudu. Abin da masu shi ba su yarda su zauna a kai ba, ni zan hau? Ku kai yashin ya gaishe da jikata."

Ya daɗe yana kallon hannayensa.

Ranar gwaji ya roƙi ƙanwar matarsa ta jawo yayar tata zuwa bakin shinge, inda 'yan kallo suke. Shi ne a gaba. Ya kai tifarsa tsakiyar gadar, inda ba komai a ƙasa sai ruwa, ya taka birki daidai kan fenti, ya kashe inji. Sauran direbobi suka sauka. Shi ya sauke gilashi, ya fito da gwiwar hannu waje yadda za a hango daga nesa.

Rediyon motar ya yi ƙara. Shugabar injiniyoyi ce, mace mai taƙaita magana.

"Baba, sauko mana, kai muke jira."

"Ranki ya daɗe, ku auna abinku. Ina nan."

"Doka ce. Ba a gwaji da mutum a kai."

"Ashe kina shakkar aikinki?"

"Ba na shakka. Amma da an riga an tabbatar, da ba a kira shi gwaji ba. Kai ka fi ni sanin wannan."

Ya sani kuwa. Shi ne ke koya wa sababbin direbobi kada su ko tsaya ɗaukar hula.

"Gaskiyarki ce, 'yata. Amma akwai wadda ke kallo, kuma ba ta karanta kwamfuta."

"Ba zan fara awo kana ciki ba. Kuma idan ka sa na zo da kaina, ka gama tuƙa mana mota."

"To ki zo a hankali, ba sauri nake ba."

Ta taho da ƙafa, da hular kwano a kai, doguwar tafiya ce. Duk tsawon lokacin yana zaune, tifofi jere a bayansa, nauyinsu duka a kan igiyoyin. Ya ji gadar tana ɗan motsi da iska a ƙarƙashinsa, gumi ya jiƙa masa baya. Bai kalli ruwan ba. Shingen ya zuba wa ido, inda wani mayafi ya tsaya cak bai motsa ba.

Da ta iso ta miƙa hannu kawai. Ya zare makulli ya ba ta, ya sauko, suka koma bakin gada tare. Aka yi awo, gada ta lotsa iya abin da aka lissafa, ta koma daidai. Wani direban ne ya janye tifarsa.

A gida matarsa ta tare shi a tsakar falo.

"Da girmanka! Ɗaya ba ta ishe ni ba, sai ka ƙara mini?"

"An sallame ni," ya ce, yana cire takalmi. "Da za a sake, haka zan yi."

"Ko kunya ba ka ji."

"Ko kaɗan."

Ta shiga ɗaki ta banko ƙofa. Ya ji ana jan durowa, ana buɗe akwati. Can ta leƙo, idonta ja.

"Yaushe za a buɗe ta?"

"Ƙarshen wata."

"Ba zan shiga mota ba. Da ƙafa za mu je, ni a tsakiya, kai ta gefen ruwa. Kuma kira surukinka ka tambaye shi lambar takalmin yarinyar nan, ba zan je mata hannu biyu ba."